Yadda zaka gane tsarin jijiyoyin saƙo ta hanyar gwada shi a jikinka

Abinda yake wahalar da masu karatun bayoloji in an zo kan ƙwaƙwalwa da laka shi ne haddar sunaye. Mutum zai zauna ya haddace sunaye talatin ko arba'in, amma ka tambaye shi me yake faruwa tun daga sanda ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa har zuwa sanda ya ɗage ƙafar, sai kaga yayi shiru. Kuma abin yana jikinsa fa, yana aiki ko yanzu da yake zaune. Ni a ganina hanyar da tafi sauƙi ita ce ka ɗauki saƙo guda ɗaya ka bi sawunsa, ta ina ya shiga, a ina aka yanke hukunci, ta ina umarni ya fito. Duk dabbar da take da ƙashin baya, kifi ne ko kwaɗo ko ƙadangare ko tsuntsu ko mu kanmu, akan wannan tsarin take tafiya.

Kayan da zaka tanada ba su da yawa: rula mai santimita 30, tocila ƙarama (ta waya ma ta isa), biro da farar takarda, tsinken sakace guda biyu, tebur ko kujera mai tsayi da zaka zauna ƙafarka tana lilo, sai mutum ɗaya da zaku riƙa gwada juna.

Kafin mu fara sai mun warware kalmar jijiya, don ita ce take ruɗa mutane tun daga farko. Da Hausa abu uku muke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce jini ke bi ta ciki. Akwai wadda take ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Sai ta uku, fara ce kamar zare, ba jini a cikinta yana gudu, saƙo kawai take ɗauka. Ita muke nufi a nan, zan riƙa ce mata jijiyar saƙo.

Mataki na farko, zana taswira da hannunka

Ka zana mutum a tsaye ta baya, ba sai yayi kyau ba. A cikin kai ka zana ƙwaƙwalwa, daga ƙasanta ka ja layi mai kauri ya bi ta cikin ƙashin baya, wannan ita ce laka. Su biyun nan sune cibiya. Amma kar ka ja lakar har ƙarshen baya, kuskuren da kusan kowa yake yi kenan. Lakar babban mutum tsawonta wajen santimita 45 ne, kuma tana ƙarewa ne a daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan zuwa ƙasa sai dai zaruruwan jijiyoyi da suka zubo kamar jelar doki. Shi yasa in likita zai ɗebi ruwan baya don gwajin sanƙarau yake sa allurar can ƙasa, inda lakar bata kai ba. Shi kansa sanƙarau kumburin rigunan nan uku ne da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma a tsakaninsu ne ruwan yake, kusan mililita 150, ƙwaƙwalwa tana shawagi a ciki don kar ta riƙa buguwa da ƙoƙon kai.

Toh yanzu ka fitar da rassa. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi 12 ne kowane gefe, mafi yawansu na kai da fuska ne, gani, ji, shinshina, ɗanɗano, motsa ido da harshe. Daga laka kuma 31 ne kowane gefe: 8 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙasan ƙugu, ɗaya a can ƙarshe. Waɗannan rassan gaba ɗaya sune ɓangaren waje. Ka ajiye takardar nan kusa da kai, duk gwajin da muka yi zaka dawo ka zana hanyarsa a kai.

Mataki na biyu, ka fahimci ƙwayar da take ɗaukar saƙon

Nan zan ɗan daɗe, don in ka gane nan sauran ba wuya. Ƙwayar halittar da take wannan aikin sunanta niyuron, a ƙwaƙwalwar mutum akwai wajen biliyan 86. Tana da jiki, tana da gajerun rassa masu karɓar saƙo da ake ce wa dendirait, sai doguwar jela ɗaya mai fitar da saƙo da ake ce wa akzon. Jelar nan tana iya zama gajeriya sosai, tana kuma iya kai mita guda, kamar wadda ta taso daga ƙasan laka har babban yatsan ƙafa. Abinda muke kira jijiya ɗin nan dami ne na dubban irin waɗannan jeloli an ɗaure su wuri ɗaya.

Saƙon lantarki ne, amma ba irin na wayar wuta ba. In niyuron tana hutawa cikinta yana ƙasa da wajenta da kusan milivolt 70, saboda akwai wani famfo a fatarta da kullum yake fitar da sodiyam uku yana shigo da fotasiyam biyu, wasu sinadarai ne masu ɗauke da cajin lantarki. In aka taɓa ta da ƙarfin da ya isa sai ƙofofin sodiyam su buɗe, sodiyam ya ruɗo ciki, cajin ya juye, nan take fotasiyam ya fita komai ya koma yadda yake, duk cikin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, kuma juyewar nan ita take buɗe ƙofofin da ke gaba, haka abin zai ta bi har ƙarshen jela. Wasu Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, su suka fayyace wannan a 1952 da jijiyar wata dabbar teku mai suna sukwid, saboda tata tana da kaurin da za'a iya zura waya a ciki. Allurar kashe zafi da ake yi kafin ɗinki ko cire haƙori ƙofofin sodiyam ɗin nan take toshewa, shikenan saƙo ya rasa hanya.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe, saƙon nan ko ya tashi gaba ɗaya ko kar ya tashi sam. Kamar kunamar bindiga ne, ko a hankali ka ja ko da ƙarfi gudun harsashi ɗaya ne. To ta yaya jiki yake bambance shafa da mari? Da yawan saƙon da ke zuwa a daƙiƙa ɗaya da kuma yawan niyuron da suka tashi.

Wasu jelolin an naɗe su da wani farin kitse mai suna mayelin, an bar ƴan gurabe a tsakani, saƙo sai ya riƙa tsalle daga gurbi zuwa gurbi, gudunsa yana kai mita 120 a daƙiƙa. Marasa rigar kuwa da ƙyar suke yin mita ɗaya ko biyu. In saƙo ya kai ƙarshen jela sai ya tarar da ɗan gibi, don niyuron bata manne da ƴar uwarta ba. Mahaɗar nan ita ce sinaps, wani masani mai suna Sherrington ne ya raɗa mata sunan a 1897. A nan lantarki yake komawa sinadari, a fesa shi ya tsallaka gibin ya kama ƙwayar gaba, ko ya zuga ta ko ya hana ta. Wanda ake fesawa tsakanin jijiya da tsoka sunansa asetilkolin, kuma dafin wasu macizai wurin kamawarsa yake toshewa, shi yasa wanda suka sara yake kasa buɗe ido daga baya numfashi ya gagara.

Mataki na uku, gwajin gwiwa

Abokinka ya zauna akan tebur ƙafafunsa suna lilo, ya saki jiki. Ka lalubo ƙoƙon gwiwa, ƙasa da shi kaɗan akwai wata igiya mai tauri, ka buga wurin da gefen hannunka, bugu ɗaya mai kaifi ba mai ƙarfi ba. Ƙafar zata harba gaba da kanta. In taƙi, yawanci ya ƙanƙame jiki ne, kace ya sarƙe yatsun hannayensa biyu ya ja da ƙarfi yana kallon sama, sai ka sake bugawa.

Yanzu zana hanyar. Bugun ya ja tsokar cinya kaɗan, wasu ƴan ma'aunai a cikin tsokar suka ji an ja, niyuron mai kai rahoto ta ɗauka ta shiga laka ta ƙofar baya a saitin ƙugu, ta haɗu kai tsaye da niyuron mai bada umarni, ita kuma ta fito ta ƙofar gaba ta koma cinya tace tsuke. Niyuron biyu, sinaps ɗaya, ƙwaƙwalwa sai daga baya take samun labari. Wannan ƙa'idar ka rubuta ta a gefen takarda, rahoto ta baya yake shiga laka, umarni ta gaba yake fita. In da zaka yanka laka a kwance zaka ga tsakiyarta toka-toka mai siffar malam-buɗe-littafi, nan jikkunan niyuron suke, kewayenta kuma fari saboda mayelin na hanyoyin da ke hawa da sauka. Ƙwayar cutar shan inna niyuron masu umarni na gaban lakar nan take kashewa, shi yasa ƙafar take shanyewa amma in ka taɓa ta yaron yana ji.

Kar ka gwada taɓa abu mai zafi don Allah, ka tuna kawai ranar da ka yi tuntuɓe. Da farko wani zafi mai kaifi, ka riga ka janye ƙafa, sai bayan kamar daƙiƙa ɗaya wani raɗaɗi mai nauyi ya biyo. Zafi biyu ne ta hanya biyu, na farko ya hau mai mayelin, na biyu ya biyo maras riga.

Mataki na huɗu, rula

Abokinka ya riƙe rula a tsaye ta sama, kai ka buɗe babban yatsa da manuni a daidai sifili ba tare da ka taɓa ba, ya saki ba sanarwa, ka cafke. Ku yi sau goma ku rubuta. In ka kama a santimita 10 ka ɗauki kusan daƙiƙa 0.14, a 20 kusan 0.2, a 30 kusan 0.25. Wannan ya ninka na gwiwa sau da yawa, dalili kuwa hanyar ce tayi tsawo, daga ido zuwa wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamas, zuwa ƙeya inda ake fassara gani, zuwa sashen da ke bada umarnin motsi a saman kai, sannan ya gangaro. A gangarowar ne wani abu yake faruwa a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ake ce wa medula, yawancin hanyoyin sai su gitta, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Ka zana gittawar nan da kyau. Ita ce dalilin da yasa in jini ya toshe ko ya fashe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ɓarin dama na jiki ne yake shanyewa, kuma sau da yawa magana ta tafi tare, don a mafi yawan mutane cibiyar magana tana hagu, wani likita mai suna Broca ya nuna haka a Faransa a shekarun 1860. In kaga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, asibiti za'a nufa a lokacin, ba jira.

Ku sake gwajin yana maka lissafi kana amsawa, zaka ga santimitocin sun ƙaru.

Mataki na biyar, fata

Ka rufe ido. Abokinka ya haɗa tsinke biyu ya ɗora maka a hankali a kan yatsa, yana canza tazara, kai kuma kana cewa ɗaya ko biyu. A kan yatsa ko tazarar milimita 2 zuwa 3 ce zaka ji biyu ne. A gadon baya sai ya buɗa su santimita 3 ko 4 kana rantsuwa ɗaya ne. Ma'aunan taɓawa sun cika a yatsu da leɓe, kuma filin da ƙwaƙwalwa ta ware musu yafi na baya gaba ɗaya girma.

Sai ka lanƙwasa gwiwar hannu ka lalubo wani ɗan kwari ta ciki bayan ƙashin da ya turo, ka danna a hankali. Zaka ji kamar shokin ya tafi ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Ba abinda ya taɓa yatsun, jijiyarsu ka taɓa a hanya, ita kuma ƙwaƙwalwa duk saƙon da ya zo ta wannan layin tana ɗauka daga yatsun ya fito. Irin wannan ne yake sa wanda aka yanke wa ƙafa ya riƙa jin ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita.

Mataki na shida, ido

Ku shiga ɗaki mai ɗan duhu. Ka sa tafin hannu a tsaye kan hancin abokinka ya raba idanun, ka haska ido ɗaya na daƙiƙa biyu kawai, amma kai ɗayan idon zaka kalla. Baƙin tsakiyarsa zai tsuke shi ma duk da haske bai same shi ba. Rahoto ya shiga ta jijiya ta biyu cikin 12 ɗin nan na ƙwaƙwalwa, aka raba shi gida biyu a kututturen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ya haɗa ta da laka, umarni ya fito ta jijiya ta uku a kowane gefe. Abinda likita yake dubawa kenan in ya haska idon wanda ya suma.

Na biyun yafi bani sha'awa. A takarda ka yi alamar giciye a hagu, ɗigo a dama, tazarar santimita 8. Rufe idon hagu, ka kafe giciyen da idon dama, ka riƙa matso da takardar a hankali. A wajen santimita 30 ɗigon zai ɓace ɓat. Wurin da jijiyar gani take fita daga bayan ido ne, babu ƙwayoyin karɓar haske a nan. Amma ka lura ba baƙin rami ka gani ba, fari ka gani, ƙwaƙwalwa ce ta cike gurbin da abinda ke kewaye. Duk mai ƙashin baya yana da wannan makahon gurbin.

Mataki na bakwai, tsayuwa

Ka haɗe ƙafafu ka tsaya, abokinka yana kusa don tarewa, ka rufe ido daƙiƙa talatin, zaka ji kana ɗan tangaɗi tsokokin ƙafa suna ta gyara. Sai ka miƙa hannu gefe ka taɓa hancinka ido a rufe. Mai haɗa rahoton kunnen ciki da na gaɓoɓi da na ido ya daidaita motsi ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke saitin ƙeya, seribelam. Ƙarama ce a ido amma fiye da rabin niyuron na ƙwaƙwalwa a cikinta suke.

Mataki na takwas, ɓangaren da baya jiran izininka

Ka zauna ka lalubo bugun jini a wuyan hannu, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali sau biyar. Bugun yana ɗan ƙara sauri in ka ja, yana lafawa in ka saki, a matasa abin yafi fitowa. Jijiya ta goma kake ji tana aiki, wadda ake ce wa begas, daga medula ta sauko har zuciya da huhu da hanji. Ita ce burki, da babu ita zuciya da kanta wajen 100 zata riƙa bugawa a minti. Wani masani mai suna Otto Loewi a 1921 ya zuga wannan jijiyar a zuciyar kwaɗo, ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage gudu, nan aka tabbatar sinadari jijiya take fesawa.

Kishiyar burkin nan shi ne totur, wanda yake tashi in ka firgita, zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, tsigar jiki ta tashi, narkar da abinci ya tsaya. Jijiyoyinsa daga lakar ƙirji da saman ƙugu suke fita. Ka zana su da wani launi daban.

Mataki na tara, ka ɗora taswirar akan sauran dabbobi

Duk mai ƙashin baya tsarin nan yana fara masa ne a matsayin bututu a bayan ɗan tayi, a mutum bututun yana rufewa wajen ƙarshen sati na huɗu, lokacin mace da yawa bata ma san tana da ciki ba, shi yasa ake so ta fara shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki. Gaban bututun yana kumbura gida uku, gaba da tsakiya da baya, sauran ya zama laka. Bambancin dabbobi kawai wane gida ne ya girma. A kifi da kwaɗo gidan tsakiya mai kula da gani yana da girma, kuma jijiyoyin kansu 10 ake ƙirgawa ba 12 ba. Tsuntsu seribelam ɗinsa babba ce saboda tashi. A masu shayarwa gidan gaba ne ya mamaye, na ɓera sumul yake, namu ya nannaɗe don ya samu wuri a ƙoƙon kai.

In ka taɓa ganin jelar ƙadangare ta gutsure tana ta wutsil-wutsil ita kaɗai, guntun lakar da ke ciki ne yake bada umarnin, irin aikin da ka gani a gwiwa. Wasu kifaye ma in lakarsu ta yanke tana sake haɗewa. Tamu bata yi. Jijiyar hannu ko ƙafa in ta yanke aka ɗinke tana iya tsirowa kusan milimita ɗaya a rana, amma laka in ta tsinke duk abinda ke ƙasa da wurin ya rabu da ƙwaƙwalwa. Ka duba taswirarka a wuya, jijiyar da take motsa shimfiɗar tsokar numfashi daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar take fita, don haka in ka tarar da wanda yayi hatsari yana kukan wuya ko yace baya jin ƙafafunsa, kar a ɗaga shi a zaunar, kar a juya kansa, a riƙe kai da wuya a saiti ɗaya da jiki har masu ɗaukarsa su zo da abin kwantarwa mai tauri.